Takardar Da Ke Cikin Buhu

Wayyo Allah! Da cikinta wata bakwai aka watso wa Auta kayanta waje, tana kuka tana rantsuwa, ba mai saurarenta. Marainiya ce, gyaɗa take ƙullawa a ƙofar gidan mijinta. Tsofaffin takardun da take ƙulli da su kuwa buhu-buhu take saye. A ciki ta tsinci wata 'yar takarda da rubutun hannu: "Na bar maka makulli ƙarƙashin tukunya. Ka shigo a hankali, kada su ji."

Da ƙyar ta haɗa baƙaƙen, don karatunta bai yi nisa ba. Wace ce ta rubuta? Su wa za su ji? Abin ya tsaya mata a rai, ta kasa ƙulla gyaɗa da ita, sai ta adana cikin akwatinta. Yayar mijinta, wadda ba ta taɓa ƙaunarta ba, tana zaune tana kallo lokacin da Auta ta zaro ta daga buhu, amma ita ce ta ɗauke ta daga akwatin ta kai wa ƙanenta.

"Ga aikin salihar matarka! Kai kana hanya da mota, wani yana da makulli!"

"Yaya, ki ji tsoron Allah, a gabanki fa na tsince ta..."

"A gaban wa? Rufe mana baki, munafuka!"

Mijin ko kallonta bai yi ba. A ɗakin wata gwaggonta ta haihu, ba mai zuwa barka, maƙwabta na nuna ta da baki. Kullum hawaye, kullum "Allah, Kai ne shaidata."

Rannan sai ga wani tsoho yana bin masu ƙulli ɗaya bayan ɗaya, har ya iso gidan mijin. Jikokinsa ne suka sayar da takardunsa da yana kwance asibiti. Da ya kwatanta wadda yake nema, mijin ya ɗauko takardar nan ya miƙa masa, tsoho ya dafe bango ya fashe da kuka.

"Rubutun marigayiya matata ne! Ina gadi a lokacin, 'ya'yanmu ƙanana, ba ta so in tashe su in na dawo. Ɗana, wa ya adana mini ita?"

Mijin ya juya ya dubi yayarsa, ta sunkuyar da kai tana kame-kame. A ranar ta tattara nata kayan, kuma har yau ba gidan da ake shimfiɗa mata tabarma a unguwar.

Da ya je bikon Auta, durƙusawa ya yi a bakin ƙofa.

"Na cuce ki... ban ma san kamannin ɗana ba."

Auta ta share hawayenta. Sannan ta kwanto yaron daga bayanta.

"Zan koma, don shi. Amma ranar da na haife shi na yi ta kallon ƙofa, wannan kam ba ka da abin biyana. Ungo, riƙe masa kai da kyau."