Billen Iya Baiwa

"Wannan ba ni ba ce!"

"Wallahi ke ce, Iya!"

"Ni da fuskata za ki yi min gardama? Ja'ira, ina billena?"

Iya Baiwa ta miƙe hannu, ta riƙe wayar nesa da ido tana harararta. Jikarta, 'yar aji shida, ta tsaya tana turo baki.

Ga yadda aka yi. Iya Baiwa ta sauke Alƙur'ani a Islamiyyar mata ta unguwarsu a Gaya, tana da shekara saba'in da ɗaya. Ranar Asabar za a yi walima. Baba, mahaifin yarinyar, ya ce a buga kalanda mai hoton Iya a raba wa baƙi. Yarinyar ta ce ita za ta tsara. Akwai manhajar gyaran hoto ta kyauta a wayar Baba, kuma ta iya ta sosai.

Ta zuba koren launi. Ta jera furanni. Ta cire akuyar da ta leƙo ta bayan Iya. Daga nan abin ya yi mata daɗi. Ta ƙara wa Iya haske. Ta goge tamojin goshinta. Ta goge billen kumatunta ƙal.

"Iya, gyara ki na yi fa. Kin koma kamar 'yar fim."

"'Yar fim ce ta yi shekara tara tana jan ƙafa zuwa makaranta da ciwon gwiwa? To, a yi mata walimar. Ni ba inda za ni!"

Ana haka sai ga Inna Hindatu, ƙanwar Iya, ta sauka daga babur. Daga Kademi ta zo taya aiki. Baba ya miƙa mata wayar.

"Inna, kin san wannan?"

Ta duba, ta sake dubawa. "Tubarkalla! Sabuwar malamar asibiti aka kawo muku?"

Baba ya ƙunshe dariya. Da aka faɗa mata ko wace ce, Inna Hindatu ba ta yi dariya ba. Ta shafa nata kumatun.

"'Yar nan, billen nan irin na babarmu ne. Ba mu da hotonta ko ɗaya. In kewarta ta kama ni, fuskar Yaya nake zuwa in kalla."

Yarinyar ta juya wajen Iya. Ta durƙusa. "Iya, ki yafe min."

Baba ya ce, "Gyaran hoto ba laifi ba ne. Amma fuskar mutum tasa ce. Ki tambaye shi kafin ki taɓa, kuma kada ki goge gaskiya don neman kyau."

Yarinyar ta nemo hoton asali, ta sake aiki daga farko. Iya tana zaune kusa da ita tana ba da umarni.

Ranar walima gida ya cika. 'Yan'uwa daga Ajingi suka zo mota guda. Kowa ya karɓi kalanda sai ya ce, "Kai, Iya Baiwa sak!"

Iya ta ɗaga hannun yarinyar sama. "Jikata ce ta yi! Da ɗan yatsa ɗaya, ba a kai wa kowa a Kano ba!"

Yarinyar ta ji kamar ta ƙara tsawo. Ta ce, "Iya, yanzu ya yi?"

"Ya yi. Saura ki duba cikin wayar nan da kyau, ko haƙorana biyu da suka faɗi bara suna ciki."