Burodin da Gishiri Ya Yi wa Yawa

Da safe Mama Paulina ta zo ofishin 'yan sanda na Kafanchan a ƙafa, ba ko ɗan rakiya. An kwashe mata buhunan haɗaɗɗen garin burodi daga sito. Garin daga ƙasar waje ake kawo shi, kuma tunda aka ƙara masa kuɗin kwastan ya fi ƙarfin ƙananan masu gasa burodi. Ita kuwa jarinta kaf ta zuba a ciki.

"Oga, in ba a samu ba, na rufe gidan burodi ke nan," ta ce wa Sufeto Rufus.

Sufeto Rufus ba shi da yawan magana. Iyalinsa na Kaduna, shi yana wani ɗaki a bayan bariki, shayi da burodi ne abincinsa safe da yamma. Matar ta ba shi tausayi, don ya san ɗacin zama kai kaɗai.

A sito ya tarar ba a fasa kwaɗo ba.

"Su wa ke da makulli?" ya tambayi Mama Paulina.

"Ni, da Azariya mai kwaɓi, da Dickson."

Dickson ɗan ƙanwarta ne. Ita ta raine shi, shi kaɗai ya rage mata a duniya, kuma shi ke tuƙa motar raba burodi.

Azariya ya rantse yana coci ranar, fasto ya shaide shi. Dickson kuwa dariya ma ya yi.

"Ni sitiyari kawai na sani, Oga. Ban taɓa sa hannu a kwaɓi ba."

"Ina da ina kake kai burodi?"

"Cikin gari kawai."

Maganar ta tsaya cik, har ranar da wani aiki ya kai Sufeto garin Fadan Kaje. Ya zauna wurin mai shayi, aka miƙo masa burodi ƙato, ya lotsa a tsakiya, ga tsami, ga gishiri kamar an yi da gayya.

"Sabuwar tanda ce a bayan kasuwa," in ji mai shayi. "Arha dai akwai."

Sufeto ya kawo wa Mama Paulina guntun. Ta gutsura, ta tauna a hankali.

"Garina ne. Da yis da gishiri da sukari a ciki yake zuwa, ruwa kawai ake zuba masa. Wanda ya kwaɓa wannan ya sake ƙara su duka, kamar fulawar kasuwa."

"Azariya zai yi wannan kuskure?"

Ta girgiza kai, ta juya masa baya.

A bayan kasuwar Fadan Kaje Sufeto da mutanensa suka samu Dickson, gari har gwiwar hannu, ga sauran buhunan a gefe, an naɗe bakinsu.

"Ka ce cikin gari kawai," in ji Sufeto.

Dickson ya zauna a ƙasa. "Ni ne, Oga. Na gaji da tuƙi. Na so in yi nawa." Aka sa masa ankwa, aka tura shi mota.

Da la'asar aka sauke buhunan a ƙofar siton. Mama Paulina ba ta ko dube su ba. Ta matso kusa da Sufeto, ta rage murya.

"Oga, ya ci abinci kuwa?"