Awa Biyun da Ya Soke

Kin sha ganin mu a titi, kada ki ce ba ki gani ba. Ƙaramar mota mai jan harafi a goshi, tana rarrafe kamar mai tsoron taka ƙwai, ke kuma kina bayanta kina danna hon kina tsaki. Kin kalli mai koyo kin yi dariya. Amma ko sau ɗaya kin taɓa tambayar wa ya tantance wadda ke zaune a gefenta? Ba ki tambaya ba. Kin kau da kai kin wuce.

To ni ce a gefen nan.

Ranar da labarin ya fara, matar tela ce a kan sitiyari, uwar 'ya'ya biyar wadda ke rufe ido idan ta hango babur. Muna filin atisaye, tsakaninmu da katanga ya kai tsawon mota shida. Ban san lokacin da na taka birkin gefena ba. Motar ta yi tsalle ta mutu.

"Malama, ai da zan taka..." in ji matar tela.

Idona na kan ƙaramin madubin da ake manna wa mai koyarwa a gilas. A cikinsa na ga idanu biyu sun sauka kan littafi, biro ya motsa.

Ya sake rubutawa.

Me yake rubutawa?

Na-Baya ake kiransa a makarantar, don kujerar baya ce wurin aikinsa. Ƙa'idar hukumar lasisi ke nan: mai son zama malamar tuƙi takardar wucin gadi ake ba ta, ta wata shida. Kafin ta ƙare sai ta koyar na awa arba'in, ba fiye da biyu a rana ba, da cikakken malami zaune a baya yana kallo, ya sa hannu a littafinta bayan kowace awa. Wadda wa'adinta ya cika ba ta gama ba, sai ta jira shekara guda.

A makarantarmu, wadda ta Kawuna ce, an sauƙaƙa abin. Akwai benci ƙarƙashin bishiyar bakin ofis, a nan malamai ke cika shafi goma a zama ɗaya ba tare da sun ga ko ƙyallin motar ba. Sa hannun inuwa suke ce masa, suna dariya. Ni ba na dariya. Ɗan sa hannun inuwa ne ya koya wa Yayata sakin giya a gangara wai don rage shan mai, ta yi haɗari, har yau da sanda take hawa bene.

Da na ce wa Kawu arba'in ɗina na gaske nake so, ya cire tabarau ya ce boko ya yi mini yawa, ga 'yarsa da muka fara tare tuni littafinta ya cika. Malamai suka watse kamar an jefa tsakuwa cikin tattabaru. Mutum ɗaya ne ya miƙe, ya kaɗe wandonsa, ya buɗe ƙofar baya.

Awa goma sha huɗu muka yi, maganarsa ba ta cika cokali ba. Na san yana cije murfin biro idan mai koyo ta doshi kwana. Na san tabon da ke girarsa ta hagu. Duk ta madubi. Abin da ban sani ba shi ne cikin littafin nan nasa mai baƙin bango, ɗaure da roba. Babu dabarar da ban yi ba. Na taɓa cewa ya kawo in riƙe masa ya ɗaure takalmi, sai ya sa shi a hammata ya ɗaure abinsa. Matar tela ta ce ita ta san me ke ciki, sunayen 'ya'yanmu yake jerawa. Na ce ta kalli hanya.

Sau ɗaya na tare shi.

"Laifina kake tarawa?"

"Ƙafarki ta fi bakinki sauri," ya ce. "Bakin ne aikinki, Malama. Ƙafar ta ranar tsautsayi ce."

Kwana uku ina juya maganar nan, rabi haushi, rabi wani abu da na ƙi raɗa wa suna.

Bayan awa ta sha huɗu ya sauko, ya sa hannu, ya ce daga yau in nemi wani.

"Me na yi?"

"Ba ki yi komai ba."

"To me ya sa?"

Ya kalli tayar mota kamar ita ta yi tambayar, ya tafi.

Saura mako bakwai, saura awa ashirin da shida. 'Yar Kawu, wadda ta shekara tana kai masa ruwan sanyi yana godiya yana miƙa wa mai gadi, ta same ni ta ce ai iyayina ne ya gundure shi. Kawu ya turo biro a kan tebur, ya ce in kawo littafin, minti biyar ya ishe shi, jini ai ba wasa ba ne. Ba zan ɓoye miki ba, na kalli biron nan sosai. Sannan na ɗauki jakata.

Na haye wancan gefen gari wurin Hajiya Birki, tsohuwar malamar da kowa ke gudu. Ranar farko ta sa na cire takalmin dama, ta ɗora shi a cinyarta, ta ce ƙafar da ba takalmi tana tunani kafin ta taka. Matar tela ta biyo ni can, wai ita da ni mutu ka raba. Ita ma Hajiya tana rubutu a baya, amma ko kaɗan bai dame ni ba. A nan na gane ba littafin nake son leƙawa ba.

Arba'in suka cika, saura kwana uku takardata ta ƙare, sai ga kira daga hukuma. 'Yar Kawu ta kai ƙara cewa akwai soyayya tsakanina da Na-Baya, kuma ƙa'ida ta hana malami ya sa wa wadda yake so hannu. A soke sha huɗun duka. Awa sha huɗu aikin kwana bakwai ne. Shekarata ta tafi ke nan.

Ofishin ɗaki ne mai kujerun roba da fanka mai kuka, fayil-fayil sun kai rabin taga. Jami'ar mace ce mai tabarau a kan hanci. Na-Baya na zaune, ko a nan ma layin baya ya zaɓa. Ta tambaye ni ko zargin gaskiya ne.

"Ranki ya daɗe, ni ma amsar da nake nema ke nan."

Ta juya gare shi. Ya ce ya rubuto wa hukuma tun ranar da ya sauka. Aka shiga tono. Mako bakwai wasiƙar na kwance a kwandon shigowa ƙarƙashin tsofaffin jaridu, babu wanda ya buɗe ta! A ciki ya roƙi a soke awa ta sha uku da ta sha huɗu, ya ce hujjarsa na cikin littafinsa.

Ya cire robar. Ya miƙa.

Jami'ar ta buɗe a kan tebur, ni kuwa na miƙa wuya ba kunya. Babu sunayen 'ya'ya. Zane ne tsaye-tsaye, kowane ɗaya birkin da na taka ba dalili. Awa ta farko sha ɗaya. Ta biyar bakwai. Ta sha biyu huɗu. Shafi na sha uku fari fat. A na sha huɗu layi biyu ne, ta karanta a fili:

"Jiya da yau ta taka, na gani, hannuna ya ƙi rubutawa. Wanda ya fara yi mata uzuri bai cancanci kujerar baya ba."



Jami'ar ta ce sha biyu sun tsaya, biyu sun faɗi, in je in cike su kafin wa'adi. Sannan ta miƙa wa 'yar Kawu hannu ta ce ita ma ta kawo nata littafin. Awa arba'in, tawada ɗaya, har da makon da motar makaranta ke gareji an sauke mata inji. Nan take aka rufe makarantar Kawu na wata uku. Wanda ya haƙa ramin mugunta dai an ce ya haƙa gajere.

Na same shi a baranda yana mayar da roba a littafin.

"Da ka faɗa mini."

"Da na faɗa, da kin shiga motar Hajiya da ni a ranki maimakon hanya."

"Ai da kai na shiga."

Karo na farko ke nan da na ga idanun nan ba ta madubi ba.

"Ka ci mini awa biyu," na ce.

"Zan rama miki, Malamata... Shekara nawa kike so?"

Washegari matar tela ta doshi katanga. Tsawon mota shida. Huɗu. Ƙafata na ƙasa, tsirara. Na ce mata a hankali ta ɗaga daga mai, ta lallaɓi birki kamar tana taka keken mijinta. Biyu. Motar ta tsaya lumui, da rai, saura taku uku.

"Ni na taka!" ta kurma ihu. "Wallahi ni na taka!"

Hajiya Birki ta miƙo mini takalmina.

Lasisi ya fito. Da Na-Baya ya turo manyansa, Kawu ya rantse cewa wanda ya jawo aka rufe masa makaranta wata uku ba zai zama surukinsa ba. Umma ta roƙa, ya ƙi. Sai Yaya ta hau benen ofishinsa, mataki ɗaya-ɗaya, ta ɗora sandarta a kan teburin nan, daidai inda ya taɓa turo mini biro.

"Kawu, wannan ma sa hannun inuwa ce."

Ya daɗe yana kallon sandar. Da ya ɗago, ranar da manyan Na-Baya za su dawo ya tambaya. A satin ya sa aka ɗauke bencin.

An ɗaura. Har yau idan zan tuƙa mu sai ya nufi ƙofar baya, sai na jawo hannun rigarsa.

Yanzu saura ke. Gobe idan za ki sa ƙanwarki a motar koyo, kada ki tsaya a kan fenti da farashi. Ki ce a nuna miki takardar malamar. Idan ta wucin gadi ce, ki sunkuya ki leƙa kujerar baya. In ba kowa a kai, ki kama hannun ƙanwarki ku fito, ki rubuta ƙara, ki kai da ƙafarki, kuma kada ki bar ofishin sai an buɗe ta a gabanki.