Rabin Juyin Ƙusa

"Ki goge masa ita da kyau. Ni zai ɗauka da ita ranar Asabar."

Auta ta ɗago kai daga teburin gyara. 'Yar mai situdiyo ce tsaye a kanta, tana lilo da kyamarar Dogo kamar jakar cefane.

"Riƙe ta da hannu biyu," in ji Auta. "Ta girmi babanki."

"Au, kishin ƙarfe kike? Adana kishinki, 'yar uwa, yana da rana. Asabar ɗin nan manyansa za su zo gidanmu."

"Ƙarya kike!"

"To me ya hana shi kawo ta da kansa? Kunyar idonki yake ji..." Ta dire kyamarar, ta kalli yatsun Auta da suka yi baƙi da mai. "Ki riƙa wanke hannu, kin ji? Maza na lura."

Ta fice, ta bar turarenta a shagon.

Dogo a situdiyon uban yarinyar yake aiki, amma zuciyarsa na ga tsofaffin kyamarori masu fim. Wannan ɗin ma ita ta haɗa shi da Auta. Tun farko ya kawo ta shagon Baba, mahaifin Auta, gilashinta cike da fumfuna kamar saƙar gizo, Baba kuwa idonsa ya riga ya raunana, aikin ya koma hannun 'yarsa. Ta warware gilasan ɗaya bayan ɗaya, ta wanke su da auduga a hankali don kada ta kuje su, ta mayar. Ranar da hoton farko ya fito har ana ƙirga gashin gira, Dogo ya raɗa mata suna.

Idona.

Yayanta bai taɓa son zancen ba. "Mai hoto? Mutumin da sana'arsa kallon matan mutane? Za ki gani."

Ga shi ta gani.

Wayarta ta yi ƙara. Dogo ne. Ta kife ta.

Irin wannan kyamara ba ta cikin gilashinta ake leƙe ba. Wata 'yar taga ce daban a gefe. A tsakiyar tagar mutum yakan rabu biyu, sai a yi ta murza gilashin har biyun su haɗe su zama ɗaya, to a nan hoto zai fito tar. Abin da ke sa taga da gilashi su yi magana ɗaya, wata 'yar ƙusa ce da ba ta kai ƙwayar gero ba.

Baba yakan ce, "Gilashi mai kyau ba ya ƙarya. Taga ce ake iya koya wa."

Auta ta goge gilashin har ya yi ƙyalli. Ta hure ƙura, ta saurari bugun kyamarar, lafiya lau. Sannan ta ɗauki ƙaramar sukudirebarta mai jan mariƙi.

Rabin juyi.

Zai leƙa, ya ga amaryarsa ta haɗe ta zama ɗaya, ya danna yana murmushi. Fim kuwa zai ba shi hayaƙi.

"Auta, me kike yi shiru haka?" Baba ya tambaya daga kujerarsa.

"Gyara, Baba."

Ta ba Yaya kyamarar ya miƙa wa Dogo, ta haɗa kayanta ta tafi gidan Gwaggo, wayarta a kashe.

A can saƙon ya iske ta, mako na zagayowa. Baba ya kwanta bayan azahar, bai tashi ba.

Sai da masu ta'aziyya suka watse Dogo ya same ta a shagon. Ya rame, idanunsa jajur. Ta juya masa baya.

"Ina amarya?"

"Wace amarya?"

"Wadda ka ɗauka ranar Asabar."

"Idona, me kike faɗa? Ranar Asabar ai nan nake! Wurin Baba na zo, neman aurenki. Na kira ki har na gaji..."

Ta dafa tebur.

"Ita ta ce..."

"Aike na ba ta kawai, don an tura ni aiki. Me ta ce miki?"

"Ba komai."

"Ya amince, Idona. Yayanki na ta hura hanci, Baba ya ce masa, kai rufe mana baki, ko batir ba ka iya sakawa daidai ba." Ya yi dariya, dariyar ta karye. "Sai na roƙe shi abu ɗaya. Kin san bai taɓa yarda an ɗauke shi ba."

Ta sani. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa cikin kyamarorin mutane, ko hoto ɗaya na kirki babu. Yakan ce mai gyara ba ya shiga hoto.

"Ya gyara hula, ya ce, to ɗauka, na 'yata ne, ta nuna wa jikokina. Na ƙarar da fim ɗin duka a kansa. Shagon ba haske, sai na buɗe idon gilashin gaba ɗaya..."

Ya zaro hoton daga aljihu.

Baba ne zaune, amma ba fuska. Wani farin dishi-dishi kawai, da duhu biyu a gurbin idanu, da wani abu mai kama da murmushi yana narkewa. A bayansa kuwa komai ya fito tar: teburinta, kwalbar auduga, da ƙaramar sukudireba kwance, har zanen mariƙinta ana gani.

Gilashin bai yi ƙarya ba.

"Dukkansu haka suke," in ji Dogo. "Wallahi na ga ya haɗe! Na ga Baba ya zama ɗaya a tagar nan!" Ya tura mata kyamarar. "Duba mini, don Allah. Ke kaɗai na yarda da hannunki. Ita ce, ko ni ne?"

Ta ɗauka. Ta yi nauyi kamar dutse.

In ta ce ita ce, zai tambayi wa ya taɓa ta ƙarshe. Zai san cewa ta gaskata baƙuwa a kansa, kuma ita da hannunta ta shafe fuskar ubanta. Mutum yana iya yafe wannan. Amma anya zai sake kiranta Idona?

"Samo mini ruwa," ta ce. "Maƙogwarona ya bushe."

Yana fita ta ɗauki sukudirebar.

Rabin juyi, baya.

Da ya dawo ta ɗora kyamarar a kan sandarta mai ƙafa uku, ta auna da tef zuwa bango, ta sa shi ya leƙa, ta nuna masa lambar da ke jikin gilashin. Daidai wa daida.

"Lafiyarta ƙalau," ta ce.

Ya janye idonsa daga tagar.

"To ni ne."

"Kuskure ne, masoyina. Kowa na yi..."

"A fim ɗin gaba ɗaya? Idona ne ya soma tafiya." Ya durƙusa a gabanta, ya kama gefen mayafinta. "Na cuce ki. Abu ɗaya ya bar miki, na lalata. Ki yafe mini!"

Bakinta ya buɗe. Maganar ta zo har kan harshe, ta tsaya.

"Na yafe maka," ta ce.

An yi auren ba hayaniya. Yaya ya samu abin tsokana har abada: "Ga mai hoton da ya kasa ɗaukar tsoho a zaune!" Dogo sai ya sunkuyar da kai. Likita ya ce idonsa lafiya lau, bai yarda ba. Ya bar situdiyo, ya koma tuƙin motar kaya, kuma bai ƙara leƙa tagar kyamara ba.

'Yar mai situdiyo ta tare Auta a hanya wata rana, ta dube ta sama da ƙasa.

"Ni ƙarya ɗaya na yi, kuma na rasa shi. Ke fa, amarya, guda nawa?"

Auta ta wuce kamar ba ta ji ba.

Dogo miji ne da ba a samun irinsa. Ba ya ɗaga mata murya, ba ya musa mata, kullum kamar mai biyan laifi. Shi ya sa wa hoton firam, ya rataye a falo, wai don kada ya manta irin matar da Allah ya ba shi.

Da 'yarsu ta fara magana, ta nuna bangon da yatsa.

"Wane ne wannan?"

"Kakanki ne," in ji Dogo. "Ni na ɓata shi. Mamanki ce ta yafe mini."

Yarinyar ta matsa kusa, ta ɗora yatsa a kan abin da ya fi komai fitowa a hoton.

"Wannan fa, na waye?"

"Na mamanki ne," ya ce yana murmushi. "Ko ba haka ba, Idona?"