Sittin a Minti

Shekara talatin na yi ina aikin nas a Kafanchan, kuma har na yi ritaya ban bar halin kama wuyan hannun mutane ina ƙirga bugun zuciya ba. Mijina Meshak ya sha yi mini tsiya, wai ko gaisawa ba na yi sai da awo. Tun da ya rasu, hannuna kaɗai nake kamawa.

Ran nan da magariba ina dawowa daga gonar citta a gindin dutsen Kagoro, babu ko ɗan acaɓa a hanya. A bakin rafi na ga wani tsoho zaune, yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Sista Hulda," ya ce ƙasa-ƙasa, "ki zo ki duba mini hannu."

Ban san shi ba. Amma wata uku ke nan ba wanda ya neme ni da komai. Gaskiya na ji daɗi, na tsuguna.

Hannunsa sanyi ƙalau. Babu bugu ko ɗaya.

Gabana ya faɗi. Nan take na ji bugu ƙarƙashin yatsuna, da sauri, daidai da nawa. Sai ya damƙe ni.

"Ƙara," ya raɗa mini. "Yana da daɗi."

Kwaɗin rafi suka yi tsit. Tsorona na ƙaruwa, kumatunsa na cika, ƙirjina na zama fanko.

Na tuna abin da nake koya wa marasa lafiya. Jijiyoyi biyu ke tuƙa zuciya ba da izinin mutum ba, ɗaya tana zaburar da ita, ɗaya tana taka mata birki. Dogon sakin numfashi da ruwan sanyi a fuska ke tada mai birkin.

Na ja iska. Na sake ta sannu-sannu.

Na kifa fuskata cikin rafin.

Bugun ya sauka. Yatsunsa suka saki. Da na ɗago, ba kowa.

Tun ranar, sittin zuciyata ke bugawa a minti. Ko na hau dutse, ko kare ya biyo ni, sittin. Likita ya auna, ya ce mai zaburarwar ta yi shiru, bai san dalili ba.

Da Kirsimeti 'yata Angelina ta zo daga Legas bayan shekara huɗu, ta miƙo mini jikana na fari. Na rungume shi, na faki idonta na kama wuyan hannuna, ina roƙon Yesu ko bugu ɗaya ya ƙaru.

Sittin.