Iyakar Garmar Malam Gregory

"Wa ya ɗora min wannan tukunya a kan murhuna?"

Muryar Sista Caroline ce ta cika tsakar gida tun mutum bai wanke ido ba. Afiniki ta fito da sauri tana tura cikinta a gaba, ta sauke tukunyar kununta. To ya za ta yi? Gidan na Caroline ne, yayar mijinta, babbar nas, kuma ba ta bari kowa ya manta. Ɗaki ɗaya ta ara musu a bayan gida tun da aka ɗaura aurensu a majami'a, ɗakin da in Gregory ya miƙe ƙafa sai ya shuri akwati.

"Na gaya muku, kafin Kirsimeti ina son ɗakina," in ji Caroline. "Wani ɗan reluwe zai kama haya. Ba zan dawo daga duti in kwana ina jin kukan jariri ba!"

Gregory ya leƙo yana ɗaura nakatai. "Sista, plis, ai muna nema."

Suna nema kam, Allah ya gani. Gregory ticha ne, mutumin Manchok, ba shi da ko taku ɗaya na gado a Kafanchan. Tun da kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan na ma'aikatan gwamnati, ya shigo kuwa fili ya haukace. Kowane direban jirgi da akawu ya zama mai neman fuloti. Yakubu dillali ya yi ta yawo da Gregory a keke har taya ta suɗe. Ya kai shi wata fadama, kwaɗi na ta waƙa, ya ce ai ba zai sha wahalar rijiya ba. Ya kai shi dab da layin dogo, inda in jirgin Fatakwal ya taho haƙoran mutum sai sun kaɗa. Na ƙarshe mai kyau ne, amma suna cikin dubawa wasu mutum biyu suka iso, kowa na rantsuwa nasa ne. Inda babu rigima kuma, da aka faɗi kuɗin sai da Gregory ya cire tabarau ya goge.

Ran nan ya dawo ya zube a kan gado, Afiniki ta cire masa takalma.

"Dalin," ta ce a hankali, "Baba fa yana da saura a hanyar Kagoro. Ciyawa ce kawai take cin wurin."

Gregory ya ɓata rai. Akwai tsohon zance tsakaninsa da Baba Kumai, mahaifinta. A al'adarsu wanda ya nemi 'yar mutum sai ya je ya yi wa surukinsa huɗa da hannunsa. Shi kuwa gogan, da shawarar Caroline, 'yan ƙwadago ya ɗauko ya tura. Baba ya ba su tuwo suka ƙoshi, ya ce su koma, shi bai ba su 'yarsa ba. Bai hana auren ba, amma daga ranar bai taɓa ce wa Gregory "ɗana" ba. Sai dai "Malam", kamar wanda ya zo karɓar haraji.

Caroline ta jiyo su daga taga, don kunnenta ba ya hutu. "Je ka saya, kawai! Sa kwat, riƙe ambulan. Zamanin garma ya wuce."

"Kada ka kai masa kuɗi," Afiniki ta roƙe shi. "Na san Baba."

Ina! Ranar Lahadi bayan sujada ya tafi da kwat ɗinsa, ya dawo kamar an watsa masa ruwan zafi.

"Kin san abin da babanki ya ce? Wai na ga an rubuta kanti a goshinsa? Wai ƙasar da kakansa ke kwance ciki ba sabulu ba ce! A gaban mutane ya ture min ambulan da sanda, ya ce gonarsa ba ta san fuskata ba tukuna. Ni! Da takardata ta malanta, Gired Tu!"

"Maganinka ke nan," in ji Caroline, ta manta sarai ita ta tura shi. "Ka auro 'yar ƙauye, ga masu ilimi irin su Bernice a asibiti. Ta tattara ta je ta haihu gidan uban nata, tun da ya fi son ciyawa da jikansa."

Afiniki ta kalli mijinta tana jira ya ce wani abu. Ya yi shiru yana wasa da maɓallin kwat. Wannan shirun ne ya fi mata ciwo. Ta shiga ɗaki ta yi kuka har idonta ya kumbura, don tana son mutumin nan, da taurin kansa da komai, kuma ga aurenta yana neman mutuwa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Asabar da sassafe Gregory ya farka bai gan ta ba. Ya fita, sai ga ta a bakin ƙofa ta ci ɗamara a saman ciki, ta saɓa garmar maƙwabci.

"Ina za ki haka?"

"Huɗar da ka ƙi yi. Ni zan yi maka."

"Kin haukace? Da wannan cikin?"

"Ban haukace ba, gajiya na yi!" Ta gyara riƙon garmar. "Na gaji da sauke tukunya. Na gaji da zaɓe tsakanin mijina da ubana. Ba don fili ba ma, Gregory. Ina so kafin yaron nan ya zo Baba ya kira ka da sunan da ya kamata."

Ya kalli cikinta, ya kalli garmar. Sannan ya miƙa hannu ya karɓi garmar, nauyinta ya kusa kai shi ƙasa.

Da suka isa, Baba Kumai bai yi mamaki ba, ko kuma ya ɓoye. Ya nuna masa saurar da leɓe, ya zauna a gindin ɗorawa. Kai, jama'a! Ba a taɓa ganin huɗa irin ta ranar ba. Layin ya tafi gabas, ya yi shawara, ya karkata kudu. Masu wucewa suna tsayawa, har da iyayen 'yan ajinsa. "Ticha, sannu da aiki! Ruwa ne zai bi nan ko maciji?" Hannunsa ya yi bororo ya fashe. Sau nawa yana jefar da garmar yana kwanciya a inuwa, Afiniki ta ba shi kunu, ta yage gefen ɗankwalinta ta naɗe masa tafin hannu, ya tashi ya koma yana ƙunƙuni da Turanci.

Da rana ta yi sanyi Baba ya miƙe, ya shiga bayan bishiya ya fito da damin ƙerana, irin wadda ake shinge da ita. Ya bi gefen huɗar yana dasawa. Inda layin ya karkace shi ma ya karkace, bai gyara ko kaɗan ba. Da ya zagayo ya kakkaɓe hannu.

"Iyakar inda garmarka ta kai, naka ne, ɗana. Haka ubana ya yi wa mijin ƙanwata. Tun ranar da ka ce kana son Afiniki na daina noma wurin nan."

Afiniki ta durƙusa tana kuka tana dariya. Gregory ya kalli abin da ya huɗe, ya kalli sauran filin da ya miƙe har bakin rafi, ya tuna duk kwanciyar da ya yi a inuwa. Ya rarumi garmar.

"Baba, bari in ƙara layi biyu!"

"Rana ta faɗi," in ji Baba.

Kafin Kirsimeti mawaƙan kwaya da 'yan zumuntar majami'a suka taru suka tayar musu da ɗaki biyu na jar ƙasa, aka rufa kwano. A nan Afiniki ta haifi ɗanta, ta ɗora tukunyarta a murhun da babu mai ce mata ta sauke. Caroline ta zo barka, ta zagaya gidan, ta ce shingen a karkace yake. Babu wanda ya musa mata.

Ku samari, ku ji da kyau: ba duk abin da ke hannun dattijo ba ne ake karɓa da kuɗi, wani sai ka sunkuya. Haƙurin mace kuma, in ta haɗa shi da faɗin gaskiya, shi ke gina gida. Shekaru sun wuce, Gregory ya zama hedimasta, magina sun sha cewa ya bari su miƙe masa katangar. Bai taɓa yarda ba. Yakan ce, "Ku bar ta haka, da hannuna na rubuta ta."