Wutar da Ta Juyo Baya

Ni ban taɓa zama a aji ba, amma lantarki ya taɓa kama ni, ya gaji ya sake ni. Don haka in ana zancen wuta, a bar mini.

Da hantsi na'urar watsa shiri ta gidan rediyon unguwarmu ta ƙone, ana tsakiyar shirin Zuma, mai gabatarwar nan da mata ke mance tukunya a murhu saboda muryarsa. Ba ta kai tawa ta da ba, amma bari dai. Aka kira Sufeto.

Injiniyan gidan ya nuna masa allura biyu a jikin na'urar. "Yallaɓai, wannan tana auna wutar da ke bin waya zuwa eriya, wannan kuma wadda ta juyo baya. In mahaɗar waya ta saki, wuta sai ta rasa hanya, ta riƙa dawowa, a hankali ta dafa na'ura."

"Wa ke ɗaure mahaɗar?"

"Biri, mai hawa ƙarfen eriya. Sakarai ne."

Aka sa wa Biri ankwa, yana kuka. "Wallahi ta sama na ɗaure tam! Ta ƙasa a ɗakin inji take, ba ni da makulli!"

Sufeto ya tsuguna bayan na'urar. Ta ƙasan ce a kwance, ga sabon sawun sifana. Ƙararrawar gargaɗi kuma an zare mata waya.

"Injiniya, ina kake da ta ƙone?"

"Gida. A tambayi matata."

Suka same ta rungume da rediyo.

"Yana nan," in ji ta. "Har ce mini ya yi, 'Ƙaro sauti ki ji saurayin naki, yau ce ta ƙarshe.' Can sai rediyo ya yi ɗif."

Sufeto ya juya ga Injiniya. "Malam, duba kake yi?"

Injiniya ya fashe da ihu. "Ni na kwance ta! Ni ke ɗora muryarsa a iska, in ba ni ko bayan katanga ba za a ji shi ba! Amma in na yi sallama a gidana, sai ta ce in yi shiru Zuma na magana!"

Aka cire ankwar daga hannun Biri, aka mayar hannun Injiniya. Ana tura shi cikin mota, matar ta biyo da gudu ba ko takalmi. Injiniya ya leƙo, ido ya ciko.

"Yallaɓai," ta ce, "to yanzu wa zai gyara?"